MASALLACI DA TAYIL, MARAYU A KANGO

 Yau kam ku yi mini haƙuri, ba zancen kwalliya ko girki na zo da shi ba. Magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da ita ba zuciyata ba za ta huta ba. Wanda abin ya sosa masa rai ya yafe ni, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata.

A layinmu akwai wata baiwar Allah, ba zan kama sunanta ba domin rufin asiri. Mijinta direba ne, ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da 'ya'ya 4 a ɗaki ciki da falo na haya. Tana fita takaba, ko wata guda ba ta rufa ba, mai gidan ya aiko dillali da takardar tashi, wai ya ninka kuɗin haya, kuma ma dai shi ba ya ajiye mace marar miji a gidansa. Ta je ta durƙusa ta ce, "Alhaji, don Allah ka dubi marayun nan, ka ɗaga mini zuwa bayan salla." Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma da kuɗina na gina, ba gadonsa na yi ba."

Ranar da aka fitar da kayanta hadari ya haɗo. Da idona na ga katifarta jingine da bango, ga kwalla da samira da kumbo a tsakar layi, ƙaramin yaron yana rungume da allonsa kada ruwa ya wanke masa rubutu. Mu matan layin muka leƙo ta zaure muna "Allah Sarki, Allah Ya kyauta." Ni ma da nake wannan rubutu iyakar abin da na yi ke nan, na aika mata kwanon tuwo na koma ɗakina na ja ƙofa. Ƙarshenta wani kango ta tare a bayan unguwa, ba ƙyaure ba taga, buhu ta rataya a bakin ƙofa.

To ku ji inda gizo ke saƙar. A wannan satin, masallacin layin namu ana ɓalle masa tayil ana saka sabo, alhali tsohon ko tsagewa bai yi ba, wai launinsa ne ya tsufa. Tsakanin wannan masallaci da na gaba kuwa, wallahi idan liman ya ɗaga murya sai mamun wancan su amsa masa amin. Kowane Alhaji da nasa a ƙofar gida, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da katon kwaɗo a ƙofa da zarar an sallame isha'i. Haba jama'a! Ɗakin Allah yana kwana a kulle babu kowa ciki, bayin Allah suna kwana a waje sauro yana cin su?

Na san abin da za a ce. Za a ce, ke wace ce da za ki hana mutum gina masallaci, bayan an yi wa mai gina shi albishir da gida a Aljanna? Ban hana ba, kuma Allah Ya tsare bakina. Inda babu masallaci a gina, lada ne babba. Abin da nake tambaya shi ne, wane irin masallaci Manzon Allah (SAW) ya gina a Madina? Da tubalin ƙasa ne, da kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama yana zuba a ciki. Amma a jikin wannan masallaci akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda sahabban da ba su da gida ba su da dangi suke kwana, ana ciyar da su, Abu Huraira ma a cikinsu ya zauna. Ashe tun ranar farko masallaci da marar muhalli tare suka taso. Mu ne muka raba su.

Haka da Muhajirai suka baro Makka a shekarar 622, sun bar gidajensu da dukiyarsu. Mutanen Madina ba su ce musu Allah Ya kyauta suka ja ƙofa ba. An ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu, mutum ya buɗe gidansa ya raba da baƙo. Ga kuma Zubairu ɗan Awwam, sahabin da aka yi wa albishir da Aljanna: gidajensa ya mayar wakafi, ya sa sharaɗin duk 'yarsa da aka saka ta zo ta zauna, ba mai korarta, sai ranar da ta yi wani aure. Wannan yana cikin Bukhari, ku tambayi malamanku na Islamiyya. Kai, har a birnin Alƙahira ta Masar, a shekarar 1285 'yar Sarki Baibaras ta gina gida na musamman domin matan da aka saka da waɗanda mazajensu suka gudu suka bari, su zauna cikin mutunci har Allah Ya kawo mafita. Mace ce fa ta yi wannan, yau sama da shekara 700.

Mu kuwa a nan, ƙasar da ake cika baki da addini, yaya muke yi? Da an sami saɓani sai ka ji namiji ya ce, "Na sake ki, kada in dawo in same ki." Cikin dare, da goyo, da tsohon ciki. Alhali Suratuɗ Ɗalaƙ, a ayarta ta 1, ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta sai ta gama idda, aya ta 6 kuma ta ɗora wa mijin ba ta wurin zama gwargwadon halinsa. 'Yar uwa, ki riƙe wannan da kyau: zaman idda a ɗakinki haƙƙinki ne, ba alfarma ba ce. Amma sau nawa kika ji an ɗauki huɗuba guda a kan wannan? Maganar tsawon hijabinmu kuwa kullum tana kan mumbari. Ba mu ƙi a yi mana faɗa ba, amma a riƙa yi wa kura da akuya wa'azi tare.

Da can idan aka saki mace, gidan ubanta na nan, akwai ɗakin gwaggo, akwai na kaka. Yanzu babban gidan gado an sayar an raba kuɗin, an rushe an yi shaguna, 'yan uwa kowa ya watse haya a bayan gari. Wanda ya so yin nasa ginin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, ki lissafa buhu nawa zai saya ko da mutum ya daina cin abinci. Wannan ma mai albashi ke nan, ina ga mai wankau da mai ƙosai?

Gwamnati kuwa mun sha alkawari. Zamanin Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an yi gidaje masu sauƙin kuɗi, har yau ana kiran unguwannin da sunansa. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. A nan Kano an gina rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Gidaje ne masu kyau, ba a musu, amma ki gaya mini bazawara mai tallar awara da ta isa ta tunkari kuɗinsu. Ga 'yan gudun hijira fiye da miliyan 2 da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu, ga na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora, ga ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu a dare guda. Mafi yawansu mata ne da yara. Idan muka ce sai gwamnati ta gama da su, to mai jiran gawon shanu zai kwana da yunwa.

Bari in faɗi wadda za ta fi yi mana ciwo. A Yola, lokacin da mutane suka gudo a 2014, Bishop Stephen Mamza na cocin Katolika ya buɗe musu harabar coci. A 2021 kuma ya gina musu gidaje 86 da makaranta, kuma da yake akwai Musulmi a cikinsu, ya gina musu masallaci. Ban kawo wannan don in ɗaga wani in kā da wani ba, na kawo ne don mu ji kunya. Mu da muke da zakka da wakafi a cikin addininmu, attajiran da ke zuwa Umara kowane azumi nawa ne suka taɓa gina ko ɗaki 10 suka ce na marayu ne?

Zakka ma fa Allah da kanSa Ya raba ta gida 8 a Suratut Tauba, aya ta 60. Akwai fakiri, akwai miskini, akwai wanda bashi ya yi wa katutu, akwai matafiyin da guzuri ya yanke wa. Malaman mazhabarmu sun ce ba a zuba ta a ginin masallaci, ta mutane ce. Amma mu sai a tara mata a ƙofar gida cikin rana, a yi ta turereniya, a miƙa wa kowace abin da ba zai kai ta kwana 3 ba. Da kuɗin da aka watsa wa mutum 500 an tattara an biya wa gida 10 hayar shekara, da an rufa asirin da zai daɗe. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, hubusin nan kuwa shi ne wakafi. An yi auren zawarawa tun 2012, a 2023 ma an aurar da mata 1,800, an ba da gado da katifa, madalla. Amma gado sai da ɗaki, kuma wadda ba ta sami miji ba ita ma 'yar Adam ce, ruwa yana dukanta.

Yanzu kuma mu dawo kanmu, don idan ana sara ana duban bakin gatari. Wa ke zuga mai gida kada ya ba bazawara haya? Sau da yawa mu ne, uwargida ce ke cewa za ta ƙwace mata miji. Wa ke binta da ido da gulma idan ta fita nema? Mu ne. Biki guda sai mu fitar da anko kala 3, ga kamu, ga wuni, ga liƙi, kuɗin da aka zubar a ƙasa ana takawa ya isa hayar wata baiwar Allah. 'Yar uwa, ke da kike kwance a ɗakinki kina jin daɗi, tsakaninki da kangon nan kalma guda ce daga bakin miji, ko labarin mutuwa guda daga bakin titi. Baiwar Allahn nan ma bara da mijinta take.

To mene ne abin yi? Ba sai mun jira masu kuɗi ba. Mun iya adashi tun kaka da kakanni: kowace Islamiyyar mata ta buɗe asusun haya, a riƙa zubi duk sati ko naira 200 ce, a sa amintattu 3 su riƙe da littafi, kwasar ba ta kowa ba ce sai wadda aka ba takardar tashi. Ki zauna da maigidanki cikin ladabi ki ce, "Malam, kafin kwamitin masallaci su sake fenti, su fara ƙirga gidajen marayu da zawarawan unguwar nan." Liman da mai unguwa su san su ɗaya bayan ɗaya, su je su roƙi masu gidajen haya kafin a kai ga watso kaya. Filin da aka tanada don ƙarin masallaci kusa da masallaci, a yi ɗakuna 4 da banɗaki, a rubuta wakafi a gaban shaidu yadda magada ba za su sayar ba. Ke Hajiya mai gwala-gwalai a akwati, zakkarsu ta shekara ki biya wa wata haya da ita. Mai ɗakin da ke cike da tarkace a bayan gida, ki share shi.

Baiwar Allahn nan da na fara ba ku labarinta, daga baya kunya ta ishe mu, mu 9 muka haɗa kuɗin ankon wani biki muka kama mata ɗaki guda. Mun je bikin da tsofaffin atamfofinmu, an yi ta kallonmu, ba wadda ta mutu. Amma wata 2 ta yi a kangon nan kafin mu farka, kuma ƙaramin yaron har yau tarin da ya kwaso a can bai sake shi ba. Duk sanda na ji shi ta katanga sai in tuna kwanon tuwon da na aika na ja ƙofata.

Allah Ya yafe mana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon rufa na wasu. Amin summa amin.