Shin Kogi Yana Da Hakki A Gaban Shari'a?

A cikin watan Maris na 2017 Majalisar Dokokin ƙasar Niyu Zilan ta zartad da wata doka wadda ta ba mutane mamaki, watau ta ce kogin Whanganui mutum ne a idon shari'a. Aka naɗa masa wakilai biyu, ɗaya daga Gwamnati, ɗaya daga kabilar Mawori mazauna bakin kogin. Su ne bakinsa, kamar yadda wasiyyi ke tsaya wa maraya gaban alƙali.

Dokar nan ta tada wata tsohuwar gardama tsakanin masana. Waɗansu sun ce darajar daji da ruwa ita ce amfanin da ɗan Adam ke samu gare su, sai a tattala su don kada jikoki su rasa. Waɗansu kuwa sun ce kowace halitta tana da daraja tata ta kanta, ko da babu mai cin moriyarta. A Amurka Gifford Pinchot ya riƙi ra'ayin farko, John Muir na biyun, su ka kara a kan kwarin Hetch Hetchy, wanda birnin San Faransisko ke son datsewa don ruwan sha. A 1913 aka ba birnin izini, daga baya kwarin ya nutse.

Mai da kogi mutum ba ya rasa wuya. A 2017 ɗin nan wata babbar kotu a Indiya ta yi wa kogin Ganges irin wannan hukunci, Kotun Ƙoli ta dakatad da shi cikin watan Yuli. Gama in kogi mutum ne, ran da ya yi ambaliya ya ci gidaje, wa za a yi ƙara?

Duk da haka ni a ganina ba abin dariya ba ne, mu dubi gida. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayad da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da makiyayi da manomin shinkafa sun ji a jikinsu, haka ma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a can. To, a nan mai kishin mutum da mai kishin tsuntsu ai kuka ɗaya su ke yi. Abin da fadamar ta rasa shi ne wanda doka ta ɗora wa yin magana dominta tun ba a haƙa harsashi ba.

Madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda ruwanta ke gangarawa wannan yanki, an fara ta, an bari. In maganarta ta sake tashi, ya kamata a ji wa zai zauna a madadin fadamar.