Kafin A Ƙona, A Karanta

 Kwanan baya malamin gidanmu ya kama wani abokina da littafin zane a ƙarƙashin matashinsa, irin wanda ake ba da labari da hotuna. Washegari aka yayyaga shi a gaban asambule, aka ce irinsa ne ke lalata yara, alhali babu wanda ya buɗe shi ya ga abin da ke ciki. To, jama'a, wasu sun riga mu bin wannan hanya, kuma ya kamata mu ji yadda ta ƙare da su.

A Amurka, cikin 1948, an tara yara a wasu garuruwa suka cinna wa tarin littattafan zane wuta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana cewa su ne ke koya wa yara sata da ta'asa. Hujjarsa ita ce, kangararrun yaran da ya duba masu karanta su ne. Amma a zamanin nan yawancin yaran ƙasar suna karanta su, na kirki da na banza. Ashe idan ɓarayi suna cin tuwo sai mu ce tuwo ke sa sata?

Duk da haka tsoro ya kama iyaye. A shekarar nan wani kwamitin Majalisar Dattijai ya zauna a birnin Niyok a kan maganar. Don gudun kada gwamnati ta yi musu doka, masu buga littattafan suka kafa hukumar tacewa ta kansu mai hatimi. Littafin da ba shi da hatimin nan, yawancin 'yan kasuwa ba sa karɓarsa. Aka ce dole nagari ya yi nasara a kowane labari, kuma kada a nuna ɗan sanda ko alƙali ta yadda za a raina shi. Kamfanoni da dama suka durƙushe, masu zane suka rasa sana'a.

Mene ne ribar? Wata ma'aikatar gwamnati ta roƙi Stan Lee na kamfanin Marvel ya rubuta labarin Spider-Man mai gargaɗi a kan miyagun ƙwayoyi. Hukumar ta hana shi hatimi don kawai an ambaci ƙwaya! Suka buga ba hatimi a 1971, kuma duniya ba ta tashi ba. A 2011 hukumar ta mutu murus. A 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta binciki takardun Wertham, ta gano ya sassauya maganganun yaran don su dace da ra'ayinsa.

Mu ma a nan gida, a 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano saboda irin wannan tsoro.

Ban ce duka littattafan nan masu kyau ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu na wancan zamani cike suke da jini da yankan kawuna, ni kaina ba zan miƙa wa ƙanena irinsu ba. Iyaye suna da gaskiya da suke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai wanda zai tanƙwara icce, ai sai ya riƙe shi a hannu tukuna.

Saboda haka roƙona ga malamai da iyaye shi ne, in kun ga littafi a hannunmu ku karɓa ku karanta, gani ya kori ji. In marar kyau ne, ku nuna mana aibinsa, za mu ji. In mai kyau ne, ku sa shi a laburare. Abokin nan nawa da littattafan zane ya fara son karatu, yanzu kuwa tsoron buɗe kowane littafi yake in ba na jarrabawa ba.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.