Shimfiɗar kaza da ruwan kifi

A Ɗan Kassari da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ba. Mata da yara su ne masu kiwonsu. Kaza ba ta da girma, amma tana fidda mai ita kunya. Idan an koma lakwal a watan Oktoba, sau da yawa ita ake kamawa a kai kasuwa, a sayo kaye da bik. Idan ciwo ya shigo gida, ita ce kuɗin magani. Duk da haka, a gidaje da yawa, babu wanda ke durƙusawa ya leƙa inda take kwana.

Akurki ɗan ɗaki ne na laka, mai ƙaramar ƙofa. Da magariba kaji su shiga, a toshe ƙofar da dutse ko da tsohon kwano, saboda muzuru da tunku da maciji. Dabara ce mai kyau. Amma ƙofar da ta hana muzuru shiga, ita ce kuma ke hana iska shiga. Kaji goma su kwana a ƙasa, su yi kashi a nan, gobe su sake kwana bisa kashin jiya.

Kaza ba ta yin fitsari dabam. Farin abin nan da ake gani bisa kashinta, shi ne fitsarinta. Idan aka raba ɗanyen kashin kaza gida 4, wajen gida 3 ruwa ne. In ya taru a wuri mai laima da zafi, sai ya riƙa fidda wata iska mai yaji, wadda masana ke kira amoniya. Mai son ya san ta, ya buɗe akurki da sassafe ya sa kansa a bakin ƙofa. Idan idonsa ya kawo ruwa, to, ya tuna shi ɗan lokaci kaɗan ya yi a wurin. Kaza kuwa cikin wannan iska ta kwana. Amoniya tana ƙona idon kaza da maƙogwaronta, ta buɗe wa ciwo hanya.

Laima tana da wata ɓarnar kuma. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu sa ƴan tsaki zawo mai jini. Ƙwansu yana fita cikin kashi, kuma a jiƙaƙƙen wuri yake nuna. Ɗan tsako ya tsattsage shi, ya kamu. Haka uwa za ta kwanta kwana 21 bisa ƙwai, ta fito da ƴaƴa goma, kafin wata guda a ga saura uku. Sai a ce shaho ne. Wani lokaci shaho ne, wani lokaci kuwa ƙasan akurki ce.

Wasu za su ce: “Tun kaka da kakanni ake kiwon kaji, wa ya taɓa yi musu shimfiɗa?” Suna da ƴar gaskiya. Kazar da ke kwana bisa icce ko bisa danga ba ta bukatar shimfiɗa, domin kashinta yana faɗuwa nesa da ita, iska kuma tana kaɗa ta. Amma ran da mutum ya kama ta ya rufe, ya hana ta zaɓen wurin kwana. Daga ran nan, ƙasan da take kwana a kai ta zama aikinsa.

To, me za a shimfiɗa?

Masu manyan gidajen kaji a birni suna sayen sassaƙen katako wurin kafinta. Yana da kyau, yana shan ruwa. Amma ba dole ba ne ɗan Arewa ya hau mota zuwa Dogon Dutsi don neman sassaƙe. Abin da ya fi dacewa yana nan bakin ƙofarsa kyauta: yashi da ɓawon gyaɗa. A fara zuba busasshen yashi, kaurin yatsa biyu ko uku. Yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya ruɓa. Bisa yashin a zuba ɓawon gyaɗa da aka ɗan farfasa, kaurin yatsa huɗu. Ɓawon yana tsotse laimar kashi, yana riƙe ɗumi lokacin ɗari, kaji kuma suna tona shi, su juya shi da kansu. Bayan kaka, mata masu ƙuli-ƙuli suna ɓare gyaɗa da yawa. Yaro ya je da ladabi ya ce: “Inna, a taimake ni da ɓawon nan.” Da wuya a hana shi.

Sai dai akwai sharaɗi ɗaya, kuma babba ne. Ɓawon ya zama busasshe ƙarau. Wanda ruwa ya taɓa, ya yi funfuna, bai kamata ya shiga akurki ba ko kaɗan. Ƙurar funfuna tana shiga huhun ƴan tsaki, su riƙa buɗe baki suna haki har su mutu. Wanda ya ji ɓawo yana warin ruma, ya kai shi juji.

Ƙaiƙayin gero ma yana yi, idan babu ɓawo, amma yana da ƙura, yana kuma saurin dunƙulewa. Ɓuntun shinkafa ya fi shi, ga wanda ya samu daga wajen Gaya. Garin katako mai laushi ba na ƴan tsaki ba ne, domin suna cin shi a zaton abinci. Dusa kuwa abinci ce, zuba ta a ƙasa ɓarna ce. Tsohon buhu da leda, su ne mafi muni: kashi yana zama a kansu jiƙe.

Batun toka yana son a tsaya a kansa. Mutane da yawa suna watsa toka bisa kashin kaji, suna ganin tsabta suka yi. Toka tana da amfani, amma ba a nan ba. In ta gamu da ɗanyen kashi, ƙara tada amoniya take yi, kuma ƙarfin takin yana tafiya cikin iska. Wurin toka shi ne waje, cikin ɗan rami a inuwa, a gauraya ta da yashi. Kaji za su zo su yi birgima a ciki, su rage ƙuma da ƙwarƙwata. Akwai kuma wata kaska da ke ɓuya cikin tsagar bango da rana, ta fito da dare ta sha jinin kaza. Maganinta shi ne a yaɓe tsagar da laka. A bar ƴan ƙananan kafofi can sama, kusa da rufi, don iska ta fita.

Sanin lokacin sake shimfiɗa ba wuya. A damƙi hannu guda a matse. In ta warwatse, da sauranta. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, a kwashe. Abin da aka kwashe kuwa ba shara ba ne. A tara shi waje guda ya huce wata biyu ko uku, sannan a kai lambun lakwal. Ɗanyen kashin kaza yana ƙona shuka.

Kada wani ya yi zaton shimfiɗa tana maganin kome. Ciwon nan da ke share kaji lokacin ɗari, wanda ake kira Niwkasil, da sunan wani gari na Ingila, ba ya jin tsoron ɓawon gyaɗa. Rigakafi ne kaɗai ke tare shi, wurin ma’aikatan kiwo.

Abin da ke faruwa cikin akurki, shi ke faruwa cikin randar kifi. Bayan damina, idan tabki mai kifi ya fara janyewa, yara sukan kamo ƴan ƙananan tarwaɗa su sa a tsohuwar randa. Ruwan randa shi ne shimfiɗar kifi. Cikinsa yake ci, cikinsa yake kashi. Shi ma yana fidda amoniya, ta gefen kansa inda yake shaƙar ruwa. A tabki, ruwa mai yawa yana shanye ta. A randa, taruwa take yi. Karfasa ba ta jurewa, nan da nan ta mutu. Tarwaɗa tana jurewa, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iska, shi ya sa mai ita ke zaton lafiya lau take. Ya kamata a rage ruwan kowane kwana biyu ko uku, a ƙara sabo. Wanda aka rage a ba shuka.

Tarwaɗa kuwa girma take yi. A babban ruwa tana iya wuce mita 1. Wata rana za ta kasa juyawa cikin randa. Ina za a kai ta?

Abin da ke fara zuwa a ran yaro shi ne rijiya. Wannan kuskure ne. Ba banza ba ake ce wa wanda bai san duniya ba kifin rijiya: wuri ne mai duhu, marar abinci. In ta mutu a can, ruwan shan unguwa duka ya ɓaci. Ƙaramin tabki ma ba mafita ba ne, tun da zai ƙafe kafin bazara. Gaiwa ce ke iya shiga cikin laka ta jira damina watanni. Tarwaɗa ba ta da wannan baiwa.

Saura babban tabki mai riƙe ruwa. Nan ma ba a zuwa a juye kawai. Babbar tarwaɗa tana cin ƙananan kifaye, har da ƴan uwanta. Idan mutanen gari sun zuba ƴaƴan karfasa suna jiran su girma, baƙuwa ɗaya tana iya yi musu ɓarna. An ga irin wannan a manyan wurare. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tabkin Biktoriya, can gabashin Afirka, ya cinye ƙananan kifaye har iri da yawa suka ɓace. A 2021, hukumar wani gari na jihar Minesota, a Amurka, ta roƙi mutane su daina sakin jajayen kifayen da suke kiwo cikin akwatin gilashi, domin sun zama ƙatta a tabki suna dama laka. Saboda haka, a fara tambayar masu kula da tabkin, ko ma’aikatan gandun daji, kuma a maida kifi ruwan da aka kamo shi.

In sun yarda, a hana ta abinci kwana guda, don kada ta ɓata ruwan tafiya. A ɗauke ta da sanyin safiya cikin bokiti, da ruwan randarta, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A yi hankali da ƙayoyin da ke gefenta, suna suka. A bakin tabki a riƙa zuba ruwan tabkin cikin bokiti kaɗan-kaɗan, har ta saba da shi, sannan a karkata bokitin ta fita da kanta.

In kuwa ba su yarda ba, ko tabkin ya yi nisa, akwai tukunyar Inna. Tarwaɗar da ta kai tsawon hannu ta isa miyar gida guda.