Tashar Tsandauri ta Dala: Ina Jirgin Ƙasa?

Ni dai a matsayina na ɗalibin Hausa a nan Keffi, sunan ne ya fara burge ni, wai tashar jiragen ruwa a kan tsandauri! Tun 2006 gwamnati ta ba wani kamfani mai zaman kansa izinin gina ta a Zawaciki ta Kumbotso, amma sai a Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya buɗe ta. Manufarta ita ce ɗan kasuwar Kwari ya biya kuɗin kwastan a Kano, ba sai ya je Apapa ba. Madalla. Sai dai fa, jama'a, muddin jirgin ƙasa bai riƙa kawo kwantena daga Legas a kai a kai ba, masu tirela ne za su kwashe ribar, mai sayen atamfa ya biya.