Mun Ba da Sunayenmu, To Wa Ke Gadin Littafin?

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, babu abin da muka saba da shi kamar sauri. Ka danna lamba a Kafanchan, kafin ka gyara zama ɗan'uwanka ya amsa a Legas. Sanarwar rasuwa wadda a dā sai an tashi yaro da keke, yau cikin minti guda ta zaga ikkilisiya duka. Amma 'yan'uwa, saurin nan ba kyauta ba ne. Kafin kamfani ya kai maka kira nan take, tilas ya san ƙarfen sabis da ke kusa da kai a kowane lokaci. Wato ya san inda kake, da wanda ka kira, da tsawon maganarku.

Daga baya gwamnati ta ce bari a ƙara da suna. An fara rajistar layukan waya a 2011. A 2015 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ci kamfanin MTN tara saboda layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, aka daidaita a kan naira biliyan 330 a 2016. A watan Disamba na 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kana a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 buga waya. Kowa na tuna dogayen layukan da tsofaffi suka bi cikin rana. Dalilin da aka ba mu shi ne tsaro.

Ba na cikin masu cewa rajistar ba ta da amfani. Ta sauƙaƙa gano ɓarawon waya da ɗan damfara, ta kuma sa banki ya gane mutum ba tare da dogon turanci ba. Amma a watan Maris na 2024 an kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta jihar Kaduna, kuma ta waya aka nemi kuɗin fansa. Ɗan bindiga ba ya bin layin rajista. Wayar wanda ya kama yake kira da ita, ko layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah. Mai bin doka shi ne ya fito fili tsirara, mugu kuwa yana nan cikin rigar aro.

Akwai maganar da ake yawan yi, wai mai gaskiya ba ya ɓoye sunansa. Wanda ke faɗin haka bai zauna a ƙauyen da ke bakin daji ba. Manomin da ya ga maƙwabcinsa yana kai wa 'yan bindiga mai da burodi, in ya buga waya ya faɗa da layin da ke ɗauke da sunansa da hotonsa, wa zai kwana da shi? Haka ƙaramin akawun da ya ga sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi. Gwamnatin Tarayya da kanta ta fito da tsarin fallasa masu satar dukiyar jama'a a Disamba 2016, alhali kuwa ba a fallasa babba da suna a goshi.

Masana sun daɗe suna neman hanyar ɓoye mai aika saƙo. A 1981 wani Ba'amurke, David Chaum, ya kawo dabarar tara saƙonni wuri guda, a cuɗanya su kamar wasiƙu cikin buhu, sannan a sake su, yadda mai leƙe ba zai gane wanne ya fito daga wa ba. Daga baya aka samu Tor, wanda asalinsa daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ne, aka kuma fara amfani da shi a 2002. Yadda yake aiki kamar ka ba direban tasha wasiƙa cikin ambulan uku ne. Na farko ya san ka amma bai san inda za ta sauka ba. Na tsakiya bai san ka ba, bai san mai karɓa ba. Na ƙarshe ya san mai karɓa kaɗai. Har BBC ta buɗe shafinta a kan wannan hanya a 2019 domin mutanen ƙasashen da ake toshe labarai.

To ga inda gizo ke saƙar. Wasiƙar da ta bi tasha uku ba za ta riga wadda ta tafi kai tsaye ba, shi ya sa Tor ke da nawa, balle ga mai ƙaramar waya da sabis na ƙauye. Duk da nawar ma, wanda ya iya sa ido a mashiga da mafita zai iya gwada lokacin da saƙo ya shiga da lokacin da ya fita, ya gane mai shi. Maganin wannan sai a riƙe saƙon ya jira wasu, ko a riƙa aika saƙonnin wofi don ɓad da sawu. Na farko yana cin lokaci, na biyu yana cin data. Ba a cin biyu, ko dai a biya da jira, ko a biya da aljihu.

WhatsApp da muke ji da shi ya tsaya a tsakiya ne. Tun 2016 abin da ka rubuta a kulle yake, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Amma adireshin da ke bayan ambulan a buɗe yake: lambarka, da lokacin da ka shiga, da ƙungiyoyin da kake ciki. Lambar nan kuwa ita ce aka ɗaure da NIN ɗinka. Masu zuba mutum cikin zauren zumunta ba tare da sun tambaye shi ba, su san cewa lambarsa suka raba wa mutum ɗari biyu.

Tunda yawancinmu mun zaɓi sauri, kuma ba mu yi laifi ba, nauyin ya koma kan mai riƙe da littafin sunayen. A nan ne nake da ƙorafi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa ruwan ya zuba, ɗakin ya jiƙe. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar da aka ɗora wa aikin. Muna so mu ga jami'i ko ɗan kwangilar da ya sayar da bayanan talaka a gaban alƙali, da sunansa a jarida, kamar yadda aka nemi namu.

Na biyu, a bar ƙofa ɗaya mai nawa amma mai rufin asiri. Hukumomin tsaro su samar da hanyar kai rahoto wadda ba ta nuna lambar mai kira ga wanda ya ɗaga wayar, ko da sai an ɗauki awa guda ana tantance labarin. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su tambayi NCC a fili: jami'ai nawa ne ke da izinin buɗe littafin nan, kuma wa ke rubuta sunan duk wanda ya buɗe?