Tsibirin Toka da Gungunan Yauri: Ina Za Mu Yi Hutu?

'Yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, dogon hutu ya ƙarato. Idan aka tambayi ɗalibai goma inda za su, tara za su ce gida, na goman kuma ya ce gidan kawunsa a Sakkwato. Ma'aikaci kuwa in ya karɓi hutunsa na shekara, galibi a bakin kasuwa ko a gindin bishiyar ƙofar gida yake cinye shi. Ra'ayina shi ne wannan hali asara ce gare mu da ƙasarmu. Zan kafa hujja da wani tsibiri mai nisa, kāna in dawo da mu bakin kogin Kwara.

Sunan tsibirin Lanzarote, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari da ke ƙarƙashin mulkin Sifen. Yana cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 125 daga gaɓar Afirka, daura da Maroko. Asalinsa duwatsu ne masu aman wuta. A shekarar 1730 ƙasa ta tsage a yankin Timanfaya, ta yi ta fitar da narkakken dutse da toka har zuwa 1736. Ƙauyuka suka nutse, gonaki suka ƙone, wajen rubu'in tsibirin ya koma baƙin dutse. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, babu kogi ko ɗaya, har ta kai ga a yau ruwan teku ake tacewa a cire gishiri kafin a sha. Duk manomin Maiyama da aka ba wannan ƙasa kyauta zai yi godiya ya juya.

Amma fa miliyoyin baƙi ke zuwa hutu can kowace shekara, alhali mazaunansa ba su kai dubu ɗari biyu ba. Me suke zuwa gani? Ƙonanniyar ƙasar nan ita ce abin kallon. A 1974 aka keɓe Timanfaya ta zama gandun ƙasa. Motocin safa ke zagayawa da mutane tsakanin ramukan duwatsun, ba a barin kowa ya sauka ya tattake wurin yadda ya ga dama. Ma'aikata kan jefa busasshiyar ciyawa a rami ta kama da wuta nan take, su zuba ruwa a bututun da aka kafa cikin ƙasa ya taso sama da ƙara yana tururi. Akwai gidan cin abinci da ake gasa nama da zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ba itace ba gawayi. Kuma abin da zai ba Bahaushe dariya, Turawa kan biya kuɗi su hau raƙumi na ɗan lokaci, irin raƙumin nan da ke wuce mu a hanyar kasuwar Jega ba mu ko ɗaga kai. A yankin La Geria manoma kan haƙa rami cikin toka, su dasa inabi, su kewaye shi da gajeren bangon dutse domin iska. Tokar ce ke riƙe raɓar dare ta shayar da shuka. Wannan dabara ta noma ita ma ta zama abin da ake zuwa kallo.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Wani mai zane ɗan tsibirin, César Manrique, wanda ya rasu a 1992, ya haɗa kai da hukumar wurin, suka tsaya kan cewa kada a ɓata kamannin ƙasar. Aka hana kafa manyan allunan talla a bakin hanya, aka riƙe al'adar gina gajerun gidaje masu farin fenti. Wani kogo da narkakken dutse ya bari, Jameos del Agua, aka gyara shi har ana kaɗe-kaɗe a ciki. A 1993 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren da ake kiyaye muhallinsu. Watau mutanen nan sun dubi abin da Allah Ya bar musu, ba su raina shi ba, suka tsara shi, suka sa masa doka.

To, mu fa? Wanda ya tashi daga Birnin Malam ko Aliero ya bi hanyar Jega zuwa Koko, cikin yini guda yana Yauri. Can Kwara ta buɗe, ga gungu, watau tsibirin kogi. Daga wannan kalma aka sami sunan Gungawa, mutanen da suka daɗe suna zaune a tsibiran nan suna su da noma. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye garuruwa da gungu masu yawa, aka tayar da mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu matsuguni. Wannan babban babi ne a tarihin ƙasarmu, amma ɗalibai nawa cikinmu suka taɓa zama da dattijon da ruwa ya ci garinsu suka ji daga bakinsa? A Yauri ne kuma ake bikin Rigata, inda ake tseren jiragen ruwa.

Mu juya arewa. A Argungu akwai bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada. Ga gidan tarihin Kanta a cikin gari. A Gwandu, maƙwabciyarmu, ga hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Aliero kanta mutane na zuwa mata daga nesa saboda albasa da masu ɗori. Wanda kuma ransa ke son ganin aikin wutar ƙarƙashin ƙasa ba sai ya nemi fasfo ba: Dutsen Wase a Jihar Filato ragowar dutse mai aman wuta ne, Tafkin Tila kusa da Biu yana cikin bakin wani irinsa da ya mutu, ga kuma maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi a Yankari.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, yawon buɗe ido aikin ƙoshi ne, mai neman na tuwo ba ya kallon dutse. Gaskiya ne ba kowa ke da hali ba. Amma kuɗin da ɗalibi ke ƙonawa a katin waya cikin hutu guda zai kai shi Argungu ya dawo. Kuma kuɗin baƙo ba ya ɓacewa: direba ya samu, mai jirgi ya samu, mai soya kifi ta samu, mai masauki ya samu. Talakan da ake tausaya wa shi ne na farko da zai amfana.

Na biyu, za a ce irin wannan harka tana kawo fitsara da lalacewar tarbiyya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma mutanen Kanari su kansu sun ɗanɗana wani ɓangare na illar. A watan Afrilu na 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran, suna kukan cewa baƙi sun yi yawa, kuɗin haya ya gagari ɗan gari, ruwa na ƙaranci, riba kuma na tafiya aljihun manyan kamfanoni. Darasin a fili yake: in za a yi, a yi shi bisa ƙa'idar masu gari, kuma a fara da baƙon gida, watau ni da kai, wanda ya san kunya ya san gaisuwa.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, batun rai. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da aka cika wa kaya da mutane ya kife a Kwara kusa da Warra, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka. A watan Yuni na shekarar aka sace ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Bikin Argungu kansa an yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi. Ba wanda zai ce a rufe ido a tafi. Sai dai mu lura: rigar ruwa ga kowane fasinja, da ƙayyade adadin da jirgi zai ɗauka, da gyaran mashaya, da tsaron hanya, duk haƙƙin mazauna wurin ne tun kafin a yi maganar baƙo. Wurin da masu ilmi ba su zuwa, ba su rubutu a kansa, shi hukuma ke saurin mantawa da shi. Ƙauracewarmu ba ta ƙara wa Bagunge lafiya da kome ba.

Saboda haka ina da shawara uku. Ƙungiyar ɗalibai ta shirya tafiya ɗaya kowace shekara cikin jiha, a yi karo-karo, a nemi izinin iyayen ƙasa da shawarar jami'an tsaro kafin a tashi, kuma kada a shiga jirgin da ba rigar ruwa. Kowane ɗalibi ya dawo da rubutu: mai karatun tarihi ya ɗauko labarin dattawa, mai karatun kimiyya ya auna ruwa da ƙasa, a buga a wannan mujalla. Yayyenmu ma'aikata kuwa, ku da takardun ƙananan hukumomi ke bi ta hannunku, ku ware ko da kwana uku daga hutunku ku je ku gani, domin gani ya kori ji, kuma wanda ya taɓa tsayawa a mashayar da ta rushe ba zai danne fayil ɗin gyaranta ba.

Mutanen Lanzarote toka suka gada, suka mai da ita abinci. Mu kogi muka gada, da tsibirai, da tarihin Kanta da na Gwandu. Hausawa sun ce na zaune bai ga gari ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu yi hutu mai amfani, amin.