Da wane mudu ake auna aikin likita mai bincike?

Kowace shekara, da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kankama, sai hankalin ma'aikatan kiwon lafiya na gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ya koma kan sanƙarau. Ciwo ne mai kama lulluɓin ƙwaƙwalwa da na laka. Yakan kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira kuwa wani lokaci ya tashi da kurumta ko farfaɗiya. Allurar da ake yi wa maras lafiya a gidan likita na ƙauye, ko a asibitin Galmi, ba daga sama ta faɗo ba. Wasu likitoci ne suka gwada ta, suka rubuta abin da suka gani, suka buga a mujallun ilimi domin ƴan'uwansu su tantance.

Manyan makarantun duniya suna da mudun da suke auna irin waɗannan likitoci da shi. Sukan ƙidaya takardun da mutum ya buga, sa'an nan su ƙidaya sau nawa wasu masana suka ambaci takardun cikin nasu rubutun. Eugene Garfield na Amurka ne ya fito da kundin wannan ƙidaya a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙaro wata dabara: wanda ke da takardu 20, kowace an ambace ta aƙalla sau 20, to lambarsa 20 ke nan. Malaman jami'ar Yamai ma takardun da suka buga ne hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, take dubawa kafin ta ƙara musu girma.

Akwai inda mudun ke faɗin gaskiya. Likita Léon Lapeyssonnie na Faransa ya buga dogon rahoto a 1963, inda ya zana yankin Afirka da sanƙarau ya fi addaba, wato ƙasashen da ruwan samansu na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Ƙonni da maƙwabtanta suna tsakiyar yankin. Har yau da wuya a yi rubutu kan sanƙarau a Afirka ba a ambaci wannan rahoto ba.

Haka kuma Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ya zauna Zariya daga 1970 zuwa 1980 a jami'ar Ahmadu Bello, kafin ya koma Gambiya. Takardunsa ɗaruruwa ne, kuma masu ambatonsu ba su ƙidayuwa da baki. Amma abin da ya fi shafar talaka cikin aikin Zariya shi ne gwajin da aka buga a 1979 tare da likita Sadiƙ Wali na Kano: allura ɗaya tak ta kulorampenikol mai mai, maimakon allurai da yawa dare da rana. Duk wanda ya san gidan likita mai ma'aikaci ɗaya da majinyata kwance a ƙarƙashin itace ya san darajar wannan. An sake gwajin a Bamako da Yamai, aka buga a mujallar Lancet a 1991. A 2005 mujallar ta buga wani gwajin da aka yi a Nijar, wanda ya nuna cewa seftiriyakson yana yin aikin da wancan magani yake yi. Takarda ta haifi takarda ke nan, har magani ya kai ƙauye.

Sai dai mudun yana da tawaya. Ambato yawancinsa daga Turai da Amurka yake zuwa, inda masu rubutu suka fi yawa, kuma kowa ciwon gidansa yake bincike. Takardar da aka rubuta da Faransanci ba ta samun masu karatu kamar ta Ingilishi, ga kuma kuɗin bugawa da wasu manyan mujallu ke nema, wanda ya fi ƙarfin albashin likitan Tawa. Masana da kansu sun koka, har a 2012 wasunsu suka fitar da sanarwa a San Faransisko cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki.

Abin da ya faru a kan iyaka ya isa misali. A 2010 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, sanƙarau iri na A ya kusan ɓacewa. A 2013 da 2014 sai wani sabon iri na C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi, ƙetaren iyakar da mutanen Ƙonni ke tsallakawa kullum zuwa Illelar Najeriya. Likitocin ƙungiyar MSF da abokan aikinsu suka buga labarinsa a 2014 cikin wata ƙaramar mujalla ta intanet. A 2015 ciwon ya auka wa Nijar, ya kama wajen mutum 8,500, ya kashe sama da 500. A lokacin da wannan takarda ta fi amfani, ba ta riga ta tara masu ambato ba, domin ambato sai bayan shekaru yake taruwa, annoba kuwa ba ta jira. Mai karatun da takardar ta fi bukata a ranar shi ne magabacin da ke da ikon odar allurai. Sai a 2024 aka fara amfani da Men5CV, rigakafin da ya haɗa iri biyar, a Najeriya da Nijar.

Akwai kuma waɗanda mudun bai san da su ba ko kaɗan. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda aka kafa a 1978 domin sanƙarau da tsargiya, da ruwan laka da ake aiko mata daga gidajen likita na jihohi take aiki. Da irin wannan ruwa aka tabbatar da yaɗuwar iri na X a 2006. Ma'aikacin da ya ɗebi ruwan a Malbaza ko Illela, ya cika takarda, ya nemi motar da za ta kai shi, ba kasafai sunansa ke fitowa a kan mujalla ba.

Ga farfaɗiya kuwa, wadda jama'a da dama ke danganta ta da iskoki, rubutun bai yi yawa ba tukuna. A 2020 likitoci biyu ƴan Nijar sun buga binciken da suka yi cikin malaman makaranta na garin Tawa, kan abin da suka sani game da ciwon da yadda suke ɗaukar ɗalibi mai shi. Irin wannan takarda ba za ta tara ambato kamar ta Lancet ba. Da Ingilishi aka buga ta, alhali malaman da aka yi wa tambayoyin da Faransanci suke koyarwa, iyayen yaran kuma mafi yawansu da Hausa suke magana.